Fatar Idon Baba

Shagon Baba bai fi ɗakin wanka girma ba. Yana ƙarƙashin matakalar wani dogon gini, tsakanin kantin magani da mai yanka makulli, kuma in mutum biyu suka shiga, na uku sai dai ya tsaya a bakin ƙofa ya miƙo agogonsa ta saman kafaɗarsu. Shekara talatin da takwas yana zaune a nan, fitila a hagunsa, ɗan madubi maƙale a idon dama, hantsaki a hannu, yana tsintar abubuwan da in sun faɗi ƙasa sai an share shagon duka kafin a gan su. Duk layin, Mai Agogo suke ce masa. Umma ma in ta so tsokanarsa haka take kiransa.

Ni ce autarsa. Ina aiki a ɗakin bincike na jami'a, inda muke nazarin ƙwayoyin jijiya, kuma shekara bakwai ke nan ina ƙoƙarin bayyana masa abin da nake yi. In na fara, sai ya riƙa gyaɗa kai yana goge murfin agogo, in na gama ya ce, "Madalla, Allah ya taimaka." Washegari sai in ji ya gaya wa mai kantin magani wai 'yarsa likita ce, amma ta ɓeraye.

Wata Talata da safe ina tsaye ina wanke kwalabe, Umma ta kira ni.

"Auta, ki zo shago. Babanki lafiyarsa ƙalau, kada hankalinki ya tashi. Amma ki zo yanzu."

Duk wanda aka ce masa kada hankalinsa ya tashi ya san abin da ke biyo baya. Na iske Baba zaune a kan kujerarsa, ya runtse ido gam kamar yaron da za a ɗura wa magani, goshinsa duk ya tattare. Mai makulli ne ya ba ni labari. Ya hango Baba yana tsallaka titi, da ya kai tsakiya sai ya tsaya cak. Motoci suna ta yi masa oda, shi kuwa ya sa yatsu yana ɓamɓarar fatar idonsa. Mai makulli ya ruga ya kamo hannunsa ya tsallako da shi.

"Tun yaushe?" na tambayi Baba.

"Yau ne kawai."

"Ƙarya yake," in ji Umma. "Wata huɗu ke nan yana ƙifta ido kamar wanda ya ci bashin barci. In na yi magana ya ce hasken fitila ne."

Can sai idon ya saki da kansa. Baba ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce a miƙo masa agogon da yake gyarawa. Bai kai ga ɗaukar hantsaki ba idon ya sake rufewa.

Likitan ido ya haska, ya auna, ya sa shi karanta haruffa har layin ƙarshe, ya ce, "Baba, idonka ya fi nawa." Ya ba shi maganin ɗigawa, ya rubuta mana takardar ganin likitar jijiya, wadda ba za mu samu ba sai bayan mako shida. A cikin makonnin nan abin ya yi ta gaba. Rana ta fi dagula shi, sai iska, sai ɓacin rai. Mutum ga idonsa garau a ciki, amma an ja masa labule. Ya zauna a gida kwana uku, ya juya wa taga baya.

A rana ta huɗu Umma ta rufe keken ɗinkinta, ta ajiye masa takalma a gabansa.

"Tashi. Akwai agogon mutane goma sha ɗaya a shagon nan, kuma ni ba zan iya da fuskar nan taka a falona ba."

Ta riƙe masa hannu har tashar mota, ta riƙe masa har shago. Ta zauna a kujerarsa, shi ta ba shi ta baƙi. Da farko batir kawai take canzawa da maɗauri. Amma Umma mace ce da take zura zare a allura ba tabarau, kuma ba ta iya ganin abu a rufe ta ƙyale. Da na biya ta wajensu wata ranar, sai na iske ta da madubin Baba a ido.

"Kin buɗe murfin?" in ji Baba.

"Na buɗe."

"Me kika gani?"

"Datti."

"Bayan dattin, baiwar Allah."

"Wani abu kamar gashi a nannaɗe, yana ta kai da komo."

"Kada ki taɓa shi! Ko numfashi kada ki yi masa."

"To in mutu ke nan saboda agogon mutane?"

Haka suke yini. Shi ne idon da ya san hanya, ita ce idon da yake a buɗe. A nan ne kuma suka gano wani abin mamaki: in Baba yana rera waƙa ƙasa-ƙasa, idon yakan saki na ɗan lokaci. Muryar Baba kuwa kamar ƙofar da ta shekara ba a sa mata mai ba. Umma ta ce, "Shekara arba'in ina roƙonsa ya daina waƙa. Yau ga ni ina cewa, Malam, ɗan rera ka duba mini wannan notin."

Ranar ganin likitar jijiya mu uku muka je. Mace ce mai gajeriyar magana, ba ta kwana-kwana. Ta duba shi, ta sa ya runtse ya buɗe, ta ce akwai tsokar da ta kewaye ido kamar zobe, ita ke rufe shi. Ƙwaƙwalwa ce take aiko mata da umarnin rufewa fiye da kima. Ba a san yadda za a hana ƙwaƙwalwar aikowa ba, amma ana iya rage abin da yake isa ga tsokar, da allura 'yar mitsitsiya a gefen ido, duk wata uku.

"Mene ne a cikin allurar?" in ji Baba.

"Guba ce," in ji likita. "Wata ƙwayar cuta ke yin ta, irin wadda ake samu a abincin gwangwanin da ya lalace. Tana cikin gubar da ta fi ƙarfi a duniya. Amma abin da za mu sa maka bai kai..."

Baba ya miƙe. Ya ce ya gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Idon ya riga ya rufe saboda tashin hankali, amma bai jira hannun kowa ba. Ya taka da ƙarfinsa, ya lalubo mariƙi, ya ja.

"Mai Agogo," in ji Umma, "wannan kabad ce."

A gida na yi magana har bakina ya bushe. Na ce dubban mutane ake yi wa. Na ce an fi shekara talatin ana yi. Na ce ni kaina na san yadda gubar take aiki, aikina ke nan, a kan abin da take taɓawa nake yini. Da na ga ba ya ji, raina ya ɓaci, na ce masa taurin kai ne kawai. Ban taɓa faɗa masa haka ba.

"Auta," ya ce a hankali, idonsa a rufe, fuskarsa tana fuskantar inda ba nan nake ba, "ni ban taɓa sa hantsaki a cikin agogon da ban san yadda yake tafiya ba. In an kawo mini sabon ƙira, sai in yini ina kallonsa kafin in kwance ko da noti ɗaya. Yanzu ana so a sa mini guba a fuska, an ce in yarda kawai. Ban ce ƙarya kuke ba. Ban gani ba ne."

Umma tana ninke kaya a gefe. Ba ta ɗago ba ta ce, "To ki kai shi ya gani mana. Ba kin ce a kansa kike yini ba?"

Na nemi izinin shugabar ɗakinmu, muka je ranar Asabar da safe, lokacin da ba kowa sai firji suna ta gunji. Hawa na uku ne. Umma tana ƙirga masa matakala, shi yana cewa ya sani, yana tuntuɓe. Na ba su fararen riguna. Ta Baba ta tsaya masa a gwiwar hannu, Umma ta dubi ɗinkin tata ta ce wanda ya yi shi bai ji tsoron Allah ba.

Ɗakin da muke ajiye madubin da ke ƙara wa ƙwayoyi girma ba taga, fitila ɗaya ce ja mara ƙarfi. Muna shiga, fuskar Baba ta saki. Duhun ya yi masa daɗi. Ya buɗe ido sosai, abin da na yi makonni ban gani ba, amma bai dube ni ba, madubin ya nufa. Ya shafa ƙarfen, ya murɗa mariƙin gefe a hankali yana saurare.

"Wanda ya ƙera wannan ya san aikinsa," ya ce.

Na ɗauko ɗan faranti daga akwatin ɗumi, na ɗora. Na gaya musu ƙwayoyin jijiyar ɓera ne, mun raine su mako uku a cikin ruwan abinci, suna raye. Allon ya kawo hoto: zare-zare masu siriri sun sarƙe da juna kamar saiwar ciyawa.

"Baba, ka dubi nan. Zan aika musu ɗan lantarki, irin wanda ƙwaƙwalwa ke aikawa."

Na danna. A ko'ina a jikin zaren, ɗigo-ɗigo kore suka haska lokaci guda, sannan suka dushe a hankali.

Umma ta ce, "Kai!"

Baba ya matso. Ya jawo kujera har gwiwarsa ta taɓa tebur. "Sake."

Na sake. Suka haska, suka dushe.

"To. Mene ne yake haskawa?"

Na ce masa jijiya ba ta manne da tsoka ba. Tana zuwa daf da ita ta tsaya, akwai ɗan rata a tsakani. Lantarkin da ya taho ta cikin jijiya ba ya tsallake ratar nan. Saboda haka a bakin jijiyar akwai 'yan jakunkuna cike da wani sinadari, kowace a ɗaure. In saƙo ya iso, sai jaka ta haɗe da bangon jijiyar, bakinta ya buɗe ta waje, ta zubar da abin da ke cikinta a ratar. Tsoka ta ji shi, sai ta tsuke. Waɗannan na kan allo junansu suke yi wa magana, ba tsoka ba, amma hanyar ɗaya ce. Mun sa musu wani launi ne a cikin jakar, wanda ba ya haske sai bakin jaka ya buɗe.

"Girman jakar fa?"

"In ka jera dubu biyu, za su kai kaurin gashi ɗaya. Madubin nan ma ba ya ganin jakar kanta, haskenta kawai yake gani."

Ya murza yatsu, kamar yana jin abin a tsakaninsu.

"Me ke riƙe ta kafin saƙon ya zo? Ba za ta zauna haka kawai ba. Da sai ta yi ta zuba."

A shekara bakwai, wannan ce tambaya ta farko da ya taɓa yi mini, kuma ita ce tambayar da ta dace. Na ɗauki igiyoyin waya uku daga aljihun tebur. Na ce ɗaya tana jikin jaka, biyu suna jikin bango. Na murɗa su tare zuwa rabi, na tsaya. Na ce haka jakar take zama, an jawo ta kusa, an murɗa rabi, an tokare. In lantarki ya iso, wasu ƙofofi suke buɗewa a bangon, sinadarin kalsiyam ya kwararo ciki, ya taɓa abin da ya tokare. Sai murɗin ya ƙarasa da kansa, ya matse jaka da bango har su zama ɗaya.

"An ɗana ke nan," in ji Baba. "Kamar ƙararrawar agogon tebur. An riga an ɗaure sifirin tun jiya, ƙugiya ce kawai ta riƙe. Lokaci na yi, a saki."

"Haka ne, Baba. Haka ne daidai."

"Daga sakin zuwa zubawa, tsawon me?"

"Bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba."

Ya yi ɗan fito. "Jakar da ta zube fa? Yarwa ake yi?"

"A'a. Jijiya tana janye ta ciki, ta sake cika ta. Dushewar da ka gani ke nan."

"Ba ɓarna," ya ce, kamar mai yaba wa wani abokin sana'a.

Umma, wadda ta samu kujera ta cire takalmi ɗaya, ta ce, "Wannan duk a idonsa kaɗai ake yi?"

Na ce a ko'ina ne. Ɗaga hannu, taka ƙasa, tuna sunan mutum. Kuma ba jijiya kaɗai ba. Yawun bakinta ma akwai abin da ake zubowa cikinsa daga irin jakunkunan nan. Sinadarin da ke sauke suga a jini, wanda take shan magani dominsa kullum da safe, a jaka wasu ƙwayoyi na cikinta suke ajiye shi, su sake shi in ta ci abinci.

"To ka ji," ta ce da Baba. "Naka sun cika rawar kai, nawa sun cika lalaci. Da za a gauraya a raba mana, da an huta."

Baba ya yi dariya, idon ya rufe. Muka jira. Ya fara 'yar waƙarsa ƙasa-ƙasa a cikin ɗakin binciken jami'a, sanye da rigar da ta yi masa kaɗan, har idon ya buɗe.

"Yanzu nuna mini gubar."

Ba ni da ita a ɗakin, sai an cika takardu kafin a fito da ita. Amma ina da hoton bidiyo na wani gwaji da muka yi bara, na ƙwayoyin da aka sa wa ita. Na buɗe. Zare-zaren suna nan yadda suke. Alamar lantarki ta bayyana a gefen allo. Ba abin da ya haska, sai ɗigo ɗaya ko biyu can a lungu.

"Ta kashe su," in ji Baba.

"Suna raye. Ka ga jikinsu lafiya. Lantarkin ma yana isowa, jakunkunan suna nan a cike." Na ɗauki igiyoyin nan uku, na ɗauki almakashi, na datse bakin ɗaya. Na murɗa, suka warware a hannuna. "Abin da take yi ke nan. Lokacin da jijiya take janye jakar da ta zube, sai gubar ta bi ta ciki. Igiya ɗaya tak take nema, ta datse. Likita kuma ba duka za ta datse maka ba. Kaɗan za ta sa, a tsokar da ta addabe ka kawai, yadda ido zai iya ƙiftawa amma ba zai ƙulle ba."

"In an datse, shi ke nan har abada?"

"Jijiya tana saƙa sabuwa. Wata uku, ta mayar. Shi ya sa ake komawa."

Ya karɓi guntun igiyar daga hannuna, ya juya shi a ƙarƙashin jar fitila.

"Ashe ba fasa agogon take ba," ya ce. "Fil ɗaya take zarewa."

Bai ce ya yarda ba. Cewa ya yi in mayar da na cikin farantin kan allo, kuma in ba shi abin dannawar. Ya danna, suka haska. Ya danna, ya danna, ya danna, kamar yaron da aka saya wa tocila. Hasken ya riƙa raguwa.

"Na ɓata miki?" ya tambaya da sauri, ya janye hannu.

"Ba ka ɓata ba. Jakunkunan da ke bakin ƙofa ne suka ƙare. Ka ba su minti ɗaya su jero wasu."

Ya dubi agogon hannunsa, ya ba su minti ɗaya cif. Ya danna. Suka haska kamar farko.

"Ke kika gano duk wannan?"

"Ina! Mutane da yawa ne, wasu tun kafin a haife ni. Ni ɗan abu ɗaya nake bi: yadda jakar take komawa ciki da sauri haka."

"Shekara bakwai a kan wannan kaɗai?"

"E."

Na zaci zai yi dariya. Sai ya gyaɗa kai. "Daidai ne. Ni ma sai da na shekara biyar a gaban maigidana kafin ya bar ni in taɓa sifirin gashi, abin nan da uwarki ta gani a nannaɗe." Ya ɗora hannunsa a kaina, ya ɗan jijjiga, yadda yake yi mini ina ƙarama in na kawo sakamakon jarrabawa. Na juya na yi kamar ina gyara faranti.

A kan matakala muna sauka, Umma ta ce, "Ranar Litinin ki kira likitar." Baba yana ji, bai musa ba.

Allurar ba ta ɗauki minti goma ba. Wuri biyar a kowane ido, Umma tana riƙe da hannunsa, ita ce ma ta kawar da kai. Likita ta ce kada mu sa ran komai kafin kwana uku zuwa mako. Duk da haka Baba tun a mota yake gwada ido. Kwana ɗaya, shiru. Kwana biyu, sai ɗan tabo shuɗi a gefen hagu. A kwana na uku ya kira ni a waya, ko gaisuwa babu.

"Almakashin naku ba ya ci."

"Baba, igiyoyin suna da yawa. Ka ba shi lokaci."

A kwana na biyar, Umma ta ba ni labari, suna karyawa ne da safe, tana zuba masa shayi, tana faɗan mai gyaran famfo da ya ce zai zo bai zo ba. Ta yi ta magana, ta ga bai tanka ba. Ta ɗago. Yana kallonta, ido biyu a buɗe, taga a buɗe, rana tana dukan fuskarsa.

"Lafiya?" ta ce.

"Yaushe kika yi wannan furfurar ta gaba?"

"Wata biyun nan da nake ja-gorar wani mai taurin kai."

Ta ce sai ya miƙo hannu ya taɓa furfurar. Daga nan ba ta ƙara gaya mini komai ba, ta ce sauran ba ruwana.

Ba komai ne ya tafi sumul ba. Maganin ya ɗan zarce a hagu, fatar idon ta sauko rabi har mako biyu, sai ya zama kamar kullum yana kashe wa mutane ido. Umma ta ce in ya kuskura ya dubi matar mai kantin magani da wannan idon, ita ba ta da hannu a abin da zai biyo baya. Idon kuma yakan bushe, sai da maganin ɗigawa. Amma ranar da ya koma shago, shi kaɗai ya tsallaka titi, mai makulli yana tsaye a bakin ƙofarsa yana tafi.

Ya iske an sauya masa komai. Umma ta jera ƙananan notunan a cikin kwalaben maɓalli, ta rubuta wa kowane aljihun tebur suna, ta ɗinka wa kujera matashi. Ya yi ta mita yana neman abin da ke gaban hancinsa. Ya ɗauko agogunan da ta gyara waɗanda ba a zo karɓa ba, ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya da madubi a ido, yana neman kuskure. A na huɗu ya samu: ta cika mai.

Ana cikin haka wani dattijo ya leƙo da agogon aljihu a hannu. Ya gaida Baba, ya yi masa barka, sannan ya leƙa bayansa.

"Ina mai gyaran?"

"Ga ni," in ji Baba.

"A'a, matar nake nufi. Ita ta gyara wa ƙanena nasa, ya ce hannunta da sauƙi."

Mai makulli ya ce dariya ta sa sai da ya zauna a ƙasa. Washegari Baba ya sa kafinta ya ƙara wa teburin faɗi da taƙi biyu, ya sayo fitila ta biyu. Yanzu in mutum ɗaya ya shiga shagon, na biyu ne yake tsayawa a waje. Umma tana zuwa Litinin da Alhamis, sauran ranakun na keken ɗinkinta ne, kuma har yau bai bar ta ta taɓa abin nan mai kama da gashi ba.

Wajen ƙarshen wata na uku ƙiftawar ta fara dawowa. Wannan karon bai ɓoye ba. Da kansa ya kira ni ya ce, "Sun gama saƙar. A sa mana rana."

A ɗakin jira mun tarar da wata mata, ba za ta wuce shekara hamsin ba, wuyanta ya karkace gefe ɗaya, tana riƙe da jakarta da hannu biyu kamar za a ƙwace. Mijinta ya ce karonta na farko ke nan, kuma tun da ta ji kalmar guba ba ta ci abinci ba. Baba ya matsa kusa, ya bar kujera ɗaya a tsakani. Ya zare igiyar takalminsa, ya karɓi ta mijin, ya ce da Umma ta ba shi zare daga jakarta.

"'Yar'uwa, dubi nan. A bakin kowace jijiya akwai jakunkuna, dubu biyu a kan gashi ɗaya. Ni na gan su da idona."

Ya murɗa, ya tokare da babban yatsa, ya yi bayanin ƙararrawa. Ya ce kalsiyam gishiri ne da ke cikin ƙashi, yana gangarowa ta jijiya. Na buɗe baki zan gyara, Umma ta taka mini ƙafa.

Matar ta saki jakar da hannu ɗaya, ta taɓa igiyoyin. "Kuma ka ce yana komawa yadda yake?"

"Wata uku. Ni da kike gani, zuwana na biyu ke nan."

"Da zafi?"

"Akwai," in ji Baba. "Kamar cizon tururuwa. Sukan wuri na uku ya fi na wuri na farko zafi. Ki riƙe hannun maigidanki, amma kada ki dube shi, don shi zai fi ki tsorata."

Ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta kira matar. Ta tashi, mijin ya bi ta yana jan takalmi ɗaya ba igiya. Baba ya sunkuya yana mayar da tasa, ya ƙifta sau uku, ya rasa ramin. Umma ta durƙusa ta karɓa, ta zura masa, ta ɗaure.